Tambaya da Amsa: Yaya mutum zai auna abin da yake ci daga jikin ƙasa?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan duk hanya guda suka bi, zancen itace ne da leda da zahi da ruwa, to na zaɓo biyar daga ciki, wasu na rage musu tsawo saboda hili, masu su su yi haƙuri.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗalibi ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi. An ba mu aiki kowa ya lissafa yawan hayaƙin kabon da rayuwarshi ke fitarwa a shekara, na ɗauko wata manhajar lissafi a waya sai tambayata take sau nawa nake hawa jirgin sama, da mi nake ɗumama ɗaki lokacin sanyi, mota nawa ce gidanmu. Ni ko jirgin ban taɓa shiga ba wlh. Wai lissahin nan ya shafe mu kuwa, ko dai na Turawa ne su kaɗai?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da ilimi mai albarka. Manhajar da ka ɗauko don mutumin Faransa ko Amurka aka tsara ta, shi ya sa tambayoyinta ba su hau kanka ba, amma kar wannan ya sa ka yar da lissahin gaba ɗaya, akwai abin ɗauka a ciki kuma babba ne.

Fara da alƙalumman da kowa ya yarda da su. In aka tara hayaƙin kabon da ke fita daga ƙona mai da gas da kwal da yin siminti aka raba wa mutanen ƙasa, ɗan Nijar guda rabonshi wajen kilo 100 ne a shekara. Mutumin duniya a matsakaici ya haura tan 4 da rabi, Ba'amurke wajen tan 14, wato abin da Ba'amurke guda ke fitarwa sai an tara ƴan Nijar sama da 100 kafin su kamo shi. Afirka kaf ɗinta, da yawan mutanenta, ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. Wannan lissahin ka riƙe shi da kyau don shi ne hujjar da wakilanmu ke tahiya da ita tarukan duniya, tun kafin yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi har yau, cewa ba mu muka hura wutar ba amma mu zahin ke fara dafawa, don haka kuɗin gyara haƙƙi ne muke nema. Ba don an auna ba da ba mu da bakin faɗin haka.

Sai dai kuma inda nake son ka buɗe ido, kilo 100 ɗin nan bai ƙidaya itacen da aka sare aka dafa tuwo da shi ba, bai ƙidaya gonar da ta gaji ba, bai san rijiyar da aka ƙara wa gaba biyu kafin a tadda ruwa ba. In ka tsaya kan kabon kaɗai za ka rubuta wa malaminka cewa mu ba mu da laihin komi, kuma ka san ba haka ba ne, kai ma kana ganin amalanken itace na shigowa gari tun da asuba.

Akwai wani ma'aunin da ya fi dacewa da mu. Wasu masana biyu a Kanada, William Rees da Mathis Wackernagel, suka fito da shi farkon shekarun 1990, tambayarsu kuwa mai sauƙi ce, hili nawa ake buƙata, gona da daji da makiyaya da ruwa, don a samar da abin da mutum ke ci yana ƙonawa, a kuma shanye dattin da ya fitar? Sai a gwada da abin da ƙasar ke iya mayarwa cikin shekara guda. Duk ɗan ƙauye ya san lissahin nan ko bai je lakwal ba, lissahin rumbu ne, hatsin da ka girbe bana zai kai ka wata kaka ko kuwa tun kafin damina ta kankama rumbu ya yi ƙasa ka koma cin iri da cin bashi. Ƙungiyar da ke bin lissahin kowace shekara tana faɗin ranar da duniya ta cinye rabonta na shekarar, a farkon shekarun 1970 sai cikin Disamba ake kai ranar, a 2024 kuwa ranar 1 ga Agusta aka kai. Sauran wata biyar ɗin daga rabon ƴan baya aka ci.

To yanzu ka dawo da shi gida. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar miliyan 5 ne da ɗan kai, a ta 2012 mun haura miliyan 17, jihar Maradi kaɗai miliyan 3.4 kuma Damagaram kaɗai ta fi ta yawan jama'a. Faɗin ƙasar bai ƙaru da ko taki guda ba, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ke rabonta, saurar da ake bari ta huta shekaru ta zama labari a wurare da dama. Shawarata ka ajiye manhajar, ka sayi ƙaramin kaye, ka yi sati biyu kana rubuta abu huɗu na gidanku, itace ko gawayi ko gas nawa aka ƙona, bido nawa na ruwa aka kashe, leda nawa ta shigo, mai lita nawa aka zuba wa babur. Ka raba da yawan mutanen gidan. Abin da ka samu shi za ka kai wa malaminka, kuma na tabbata zai fi amfani da lambar da waya za ta ba ka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni uwargida ce a unguwar Zariya, mu goma sha ɗaya ne a gidan har da ɗiyan kishiyata da ta rasu. Kuɗin itace na neman gagarar maigida, kullum sai an yi cacar baki yana cewa ɓarna nake, ni kuma Allah ya sani iya ƙoƙarina nake. Ɗiyata ta ce mu koma gawayi wai ya fi tsabta kuma ba ya ɓata muhalli. Gaskiya ne? Kuma ya zan gane ko ni ke ɓarnar?

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya ji ƙan wadda ta rasu ya saka miki da alheri kan riƙon marayu. Dafa wa mutum goma sha ɗaya abinci kullum ba ƙaramin aiki ba ne, kuma raina ya sosu da na ji ana ce miki mai ɓarna alhali ba wanda ya taɓa aunawa. Cacar bakin nan awo ne kaɗai zai kashe ta.

Ki ari sikeli wajen mai shago ko mai sayar da nama, irin na rataye ɗin nan ma ya isa. Duk itacen da aka sayo a ɗora shi a rubuta kilo nawa ne da kuɗinshi, ranar da ya ƙare a rubuta, ki sa ɗiyar taki ta riƙe rubutun tunda ita ce mai son zancen. Sati guda ki yi girkinki yadda kika saba kar ki canza komi. Sati na biyu sai ki canza abu guda tak, misali ki kare murhun daga iska, don murhun duwatsu ukku da ke tsakar gida a buɗe, musamman lokacin hunturu, yawancin wutar gefe take bi ba ta taɓa gindin tukunya, kina gani harshen wutar na lasar iska tukunya na zaune. Ki kewaye shi da laka ko guntun kwano, ki rage tsayin duwatsun tukunyar ta matso kusa da wuta. Sati na ukku ki ƙara wani, wake a jiƙa shi tun dare, murhi kar ya bar bakin tukunya, ɗanyen itace a shanya shi tukun, in an sauke a zare sauran itacen a turbuɗe shi cikin rairayi maimakon a bar shi ya cinye kanshi. In da hali a sayo murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi da maƙera ke yi, ko a gina na laka irin Albarka, duk an daɗe da saninsu a ƙasar nan. Ƙarshen wata ki aje wa maigida kayen a gabanshi. In itacen ya ragu kun samu sauƙi, in kuma bai ragu sosai ba to shi ma ya gani da idonshi cewa tsadar daga kasuwa take, ba daga hannunki ba.

Zancen gawayi kuwa, ɗiyarki ta yi gaskiya rabi. A cikin gida ya fi tsabta, hayaƙinshi kaɗan ne, tukunya ba ta baƙi. Amma can daji inda ake yinshi, yadda ake binne itace a rufe da ƙasa a cinna wuta, kafin a samu kilo guda na gawayi sai an ƙona itace kilo biyar ko fiye, sauran duk ya tahi a hayaƙi tun kafin buhun ya hau mota. Kuma masu gawayi manyan itatuwa masu ƙarfi suke nema irin su ƙirya, waɗanda ke shekaru masu yawa kafin su girma. Don haka gidan da ya bar itace ya koma gawayi ya rage hayaƙi a madafa amma ya ƙara wa daji nauyi, dajin Baban Rafi da ke kudu da mu an daɗe ana ɗibarshi don a ciyar da murahun garin nan. Sannan dan Allah kar a kwana da gawayi a ɗaki a rufe lokacin sanyi, iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi kuma tana kisa.

In za a canza, gas ya fi. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 muna da gas na gida, wahalar ita ce kuɗin tukunyar gas ta farko da lokutan da yake ɓacewa a kasuwa. Gida mai mutum goma sha ɗaya ba lalle ya iya komawa gas gaba ɗaya ba, tuwon gida babba sai wuta mai ƙarfi, amma ko ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6 aka samu don shayi da kunun safe da ɗumame, a bar itace ga babbar tukunya, za ki ga bambanci a kayen. Ki rubuta ranar da aka ɗora ta da ranar da ta ƙare, a gwada kuɗin da na itacen da ta maye.

Akwai kuma abin da sikeli ba ya aunawa, ƙirjinki da idonki da na yaron da ke goye a bayanki kina hura wuta. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar hayaƙin girki a gida, mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarshi. Wannan ma a faɗa wa maigida, kuɗin asibiti shi ma cikin kuɗin itace yake.

TAMBAYA: Malam ni ɗan kabu-kabu ne, ina shan isansi kamar lita ukku a rana. Wani fasinja ya ce mu ke ɓata iskar gari. Ni da wanga babur nake ci da iyali, ya zan yi?

AMSA: Ƙanena Allah ya tsare hanya. Bari mu lissafa tare. Kowace lita guda ta isansi in ta ƙone tana fitar da hayaƙin kabon wajen kilo 2.3, lita ukku kenan kusan kilo 7 a rana, in ka yi aiki kwana 300 a shekara ka ƙona lita 900, hayaƙin ya kai tan 2. Ya ninka na matsakaicin ɗan Nijar sau 20, gaskiya ne. Amma hayaƙin ba naka ba ne kai kaɗai, na duk wanda ka ɗauka ne, har da fasinjan da ya faɗa maka maganar yana zaune bayanka. In ka raba da mutanen da kake kaiwa kasuwa da asibiti da lakwal a rana, rabon kowa ɗan kaɗan ne, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan mutum guda da ya tada babbar mota don sayen burodi.

Abin da ke hannunka shi ne lita ukkun ta koma biyu da rabi, kuma aljihunka ne zai fara jin daɗi. Ka cika tanki ka rubuta lambar kilomita, in ka sake cikawa ka duba, ka san lita guda kilomita nawa take kai ka. Daga nan ka duba iskar taya, ka wanke matatar iska don ƙurar garin nan na toshe ta da wuri, ka canza baƙin mai kan lokaci, ka daina barin inji na aiki kana hira a tasha, ka rage yawon neman fasinja ba kowa a baya. In babur na fitar da shuɗin hayaƙi to baƙin mai yake ƙonawa, a kai shi wajen makanike, wannan hayaƙin ne ke shiga hancin mutane kuma kai ne ka fi kowa shaƙa.

TAMBAYA: Malam ni raina a ɓace yake. Kullum ana ce mana mu daina zubar da leda, to ina za mu kai ta? Ba aikin ma'aikatar magajin gari ba ne su kwashe shara? Damina ta 2024 ruwa ya shiga gidana ya kada mini ɗaki biyu, kanibon layinmu cike yake da leda da ƙasa. Ni talaka leda nawa nake zubarwa da za a ɗora mini laihi? Daga wani magidanci a Bagalam.

AMSA: Malam Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Daminar 2024 ba wanda zai manta ta a garin nan, jihar Maradi na cikin waɗanda ambaliyar ta fi yi wa ɓarna a ƙasar, an rasa rayuka an rasa gidaje, kuma ɓacin ranka yana kan hanya. Kwashe shara da yashe magudanan ruwa aikin hukuma ne, ana karɓar haraji don haka, ba zan ce maka a'a ba. Tun watan Nuwamba 2014 akwai dokar da ta hana shigowa da sayar da ledar nan marar kauri a Nijar, ka leƙa babbar kasuwa ka gani da idonka ko ana aiki da ita. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, kuma su sun bi dokar da gaske har ta yi tasiri, ashe abu ne mai yiwuwa.

Amma tambayarka ta ƙarshe, leda nawa nake zubarwa, ina son ka amsa ta da kanka. Ka rataye buhu a ƙofar gida, sati guda duk ledar da ta shigo a jefa ciki, ta ƙosai, ta tumatir, ta sukarin dala biyar, ta fura, ta fiya wata, ta maganin da aka sayo, ranar Juma'a ka zazzage ka ƙirga gaban yara. Gidan da ke shigo da goma a rana ya tara 3,650 a shekara. Birnin Maradi a ƙidayar 2012 mutum dubu 267 ne, yau ya wuce haka nesa, amma ko da wannan tsohuwar lambar, in kowa ya yar da leda guda tak a rana an kusa miliyan 100 a shekara. Ba motar sharar da za ta bi wannan ta tsince. Ga ta can maƙale a ƙayar magarya da aduwa a bakin gari, ga ta cikin gonaki tana hana ruwa shiga ƙasa, ka tambayi mahauta abin da suke tararwa cikin tumbin shanu da tumaki, dunƙule guda a murɗe, dabba na ci tana ramewa mai ita na ta sayen magani bai san dalili ba. Jar akuyar Maradi da ake alfahari da ita har ƙasashen waje, a kan juji take kiwo yanzu. Ƙonawa kuma ba mafita ba ce, hayaƙin leda guba ne, masu kunna murhu da ita su daina don Allah.

Lambar da ka samu tana da amfani biyu. Na farko a gida, yaro ya tahi sayen ƙosai da kwano, uwargida ta riƙe jakar kasuwa ko kwando, bayan wata guda a sake ƙirgawa a gani. Na biyu kuma shi ne wanda ya fi, ku haɗu gida ashirin na layinku kowa ya ƙirga, ku auna tsawon kanibon da ya toshe taki nawa ne, ku ɗauki hoto da kwanan wata, ku rubuta gidajen da ruwa ya shiga, ku bi ta hannun mai unguwa ku kai wa magajin gari tun watan Afrilu ko Mayu kafin ruwan fari. Wanda ya je da takarda da lamba da hoto ba a sallamarshi kamar wanda ya je da ɓacin rai kaɗai. Kuma a tuna garin nan ya taɓa tashi saboda ruwa, ambaliyar 1945 ce ta sa aka baro tsohon gari cikin kwarin gulbi aka hau tudu, duk wanda ke gini a hanyar ruwa yau ya kamata a tuna mishi.

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa. Ni manomi ne a ƙasar Agye, jikana ne ya rubuta mini. Na gaji barin itace a gona wajen mahaifina, gawo da kalgo da sabara. Wasu baƙi sun zo garinmu sun ce za su riƙa biyanmu kuɗi saboda itatuwan na shan hayaƙin duniya, in mun sa hannu a takarda. Yaya ake auna abin da itace ya sha? Kuma mu sa hannun?

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma da lafiya. Kafin in amsa ina son jikan naka ya karanta maka wannan a hankali, don abin da ku manoman ƙasar Agye da Tasawa da Madarunfa da Damagaram kuka yi, duniya ta auna shi kuma ta yi mamaki.

Ka fi ni sanin yadda gonaki suka koma bayan farin shekarun 1970 da yunwar 1984 da ake kira El Buhari, fili fetal, iska na binne shuka da rairayi sai an yi shuka biyu ukku, mata na yin nisa neman kara da kashin shanu don girki. An yi ta dasa itatuwa daga gandun reno yawancinsu na mutuwa. A nan Maradi wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da ke aikin gona da manoma ya lura a 1983 cewa ƴan tsirran da ake sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa, in an zaɓi rassa masu ƙarfi daga guda zuwa biyar aka bari aka datse sauran, cikin ƴan shekaru itace ya tashi, ba ban ruwa ba sayen iri. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga iyayenmu, amma daga lokacin ta bazu gona zuwa gona da sunan sassaben zamani, garuruwa irin Dan Saga har suka kafa kwamitin tsaron itace. Shekaru wajen ashirin ba wanda ya san girman abin, sai da masu bincike, cikinsu har da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou, suka ɗauko hotunan sama na 1975 suka gwada da na tauraron ɗan adam na bayan 2000, wuri guda, gona guda, suka ƙirga. Hekta wajen miliyan 5, itace wajen miliyan 200, kuma ƙiyasinsu hatsin da ake samu ya ƙaru da wajen tan dubu 500 a shekara. Jama'a sun ƙaru itace ma ya ƙaru, abin da da yawa suka ce ba zai yiwu ba. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince manomin da ya reni itace a gonarshi yana da haƙƙin amfana da shi, wannan ma jikanka ya nemo maka bayaninta wajen ma'aikatan gandun daji.

Yadda ake auna abin da itace ya sha kuwa, ana zagaya igiyar awo a jikinshi daidai ƙirjin mutum, a auna tsayinshi, a san irinshi, daga nan a lissafa nauyin busasshen itacen, wajen rabin nauyin nan kabon ne da ya zuƙo daga iska. Ba kowane itace ake aunawa ba, ana zaɓen wasu gonaki a auna a haɗa da hoton tauraro, bayan ƴan shekaru a dawo a ga abin da ya ƙaru, ƙarin shi ake sayar wa kamfanonin da ke fitar da hayaƙi a ƙasashensu. Kasuwar gaskiya ce akwai ta, akwai masu amana a ciki akwai kuma waɗanda manomi ke tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Don haka Baba kar ka sa hannu ranar da aka kawo takarda. A karanta muku ita da Hausa gaban mai gari da liman da wani ɗan garin mai ilimi da ku kuka zaɓa, a bar muku kofi. Ku tambaya shekara nawa yarjejeniyar za ta yi, don irin wannan kan kai shekara 20 ko 30, wato ta hau kan ɗiyanka da jikanka. Ku tambaya ko za ka ci gaba da sassabe da yanke reshe don girki da gini da kakkaɓe wa dabbobi ƴaƴan gawo, in an hana wannan to asarar ta fi kuɗin. Ku tambaya nawa ake sayar da tan guda, nawa ke zuwa hannun manomi, wa ke riƙe kuɗin, yaushe ake biya, in fari ko gobara ta kashe itace wa ke ɗaukar asara. Duk layin da ya taɓa mallakar gona ku tsaya nan, a je wajen hukumar filaye ta kwamin a tantance tukun. Kuma ku tabbatar magajin garinku da ma'aikatan gandun daji sun san da zuwan baƙin.

Ko kun sa hannu ko ba ku sa ba, jikanka ya buɗe wa gonar kaye tun bana. Ya bi ta da ƙafa ya ƙirga itatuwa iri iri, gawo nawa, kalgo nawa, sabara nawa, aduwa nawa, manya daban ƙanana daban, ya auna kaurin manyan da igiya ya rubuta. Da kaka ya rubuta dami nawa aka ɗaure, kuma ya ware na ƙarƙashin gawo da na fili, tunda gawo da damina yake zubar da ganye ba ya yi wa hatsi inuwa kuma ganyen taki ne, za ku ga bambancin a lamba. Ya rubuta ranar ruwan shuka da sau nawa aka sake shuka, da buhun ƴaƴan gawo nawa aka tara, da itacen girki na wata nawa gonar ta ba gida. Ranar da baƙin suka dawo da nasu lissahin, ku ma ku fito da naku a gwada.

Masu tambaya kan rijiyoyin burtsatse da ruwan Gulbin Maradi, saƙonninku sun iso, su za mu ɗauka fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.